Lambar da Kawu Ya Bari a Kan Injinsa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi Kawu ya riga mu komawa. Ranar wata Laraba da hantsi ya cika a ɗakinsa na Sabon Birni, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Labarin ya iske ni a Isa, cikin rumfata ta gyaran waya, da wayar wani a buɗe a hannuna. Har yau ban san yadda na mayar da ita na rufe ba.

Na yi zaton zaman makokin ba zai cika ba, don kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, mutum ba ya barin garinsu sai dole. Ashe na raina Kawu. Mutane sunka yi ta zuwa kan babura, daga Tsamaye, daga Alkalawa, har daga Tozai. Kuma na ga abin da ban taɓa gani ba a wurin ta'aziyya: in an shafa fatiha, sai ka ga dattijo ya sa hannu aljihu ya fiddo guntun ƙarfe. Wani Bafillace ya nuna muna kusar ƙafar amalankensa, ya ce, "Shi yay yi man ita. Da na ji rasuwa na zaro ta in gwada maku." Wani manomin albasa daga Tozai bai zo da komai ba, shi hannuna ya kama ya matse, ya ce, "Tawa sau biyu anka yi ta, ko ba haka ba?" Na sadda kai, don ni da shi mun san abin da yake nufi.

A cikin gida kuwa, wata maƙwabciya mai injin markaɗe, gwauruwa mai riƙon marayu huɗu, ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ce, "Wayyo ni, wa zai ƙarasa man?" Mata sunka yi mata caa, wai ana maganar mutuwa tana maganar inji. Ni ma da na ji, raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, ba yau anka fara gaya mani ba.

Baƙin da ba su san shi ba sun ɗauka maƙeri ne. Kawu bai gaji ƙira ba. Direban babbar mota ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar kayan 'yan kasuwa tsakanin Sabon Birni da Maraɗi. A can ya ga wani tsohon makanike zai rufe gareji, ya sayo ɗan injin sassaƙa ƙarfe, ya aza shi bisa buhunan wake ya kawo gida. Injin bai fi tsawon benci ba. Yana da baki mai kama ƙarfe ya juya shi da gudu, da 'yar wuƙa da ake turawa da hannu tana kankarar ƙarfen har ya kai kaurin da ake so. A jikin mariƙin da ke tura wuƙar akwai wani zobe mai ƙananan zane-zane, da su ake sanin iyakar abin da anka cire.

Da ya aje tuƙi, sai ɗakin da ke kusa da zaure ya zama gidansa na biyu. Ba sana'a ya ɗauki abin ba, sha'awa ce kawai. In ka miƙa masa wani abu bayan ya gama maka aiki, sai ya ture hannunka ya ce, "Kado na," wato kyauta, kalmar da ya ɗauko a bakin mutanen Nijar. In ka matsa, ya ce ka kawo masa tsohon ƙarfe in ka tsinta. Kuma in wuƙa tana ci, ko wane ne kai sallamarka sai ta jira. Na taɓa ganin liman tsaye a bakin ƙofa yana jira Kawu ya ɗago.

Inna, matarsa, ta yi shekara da shekaru tana yaƙi da wannan inji. Ga ƙarar janareta, ga kukan ƙarfe, ga ɓarɓashi mai kaifi da ke bin takalminsa har tsakar gida. Sau nawa na ji ta tana ɗaga murya daga madafa, "Malam, don Allah kashe abin ga kunnena shi huta!" Shi kuwa sai ya ƙyafta mani ido ya ce, "Waƙa nika yi mata, ba ta sani ba."

Ni, Injiniyan Waya yake ce mani, kuma ba yabo ba ne. A wurinsa duk aikin da ba ya baƙanta hannu wasa ne. Amma duk zuwan da na yi sai ya zaunar da ni ya nuna mani yadda ake riƙe mariƙi, har na iya kankarar ƙarfe daidai gwargwado.

Sai ido ya fara yi masa hazo. Likita a Sakkwato ya ce ba yana ba ce da za a cire, hawan jinin ido ne, sai dai a lallaba abin da ya rage. Kawu yana ganin mutum, yana ganin ƙarfe, amma zane-zanen zoben nan sun ɓace masa. Sai ya riƙa kai fuskarsa dab da inji don ya gani. Rannan bakin injin ya fizgi hannun rigarsa, ya yage masa fata daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Allah ya taƙaita.

Babban ɗansa, taubashina, ma'aikaci ne a Sakkwato. Ni da shi ba mu haɗuwa ba mu yi tsiya ba, bawan gidansu yake ce mani, amma ranar da ya zo ba wasa a fuskarsa. Ya ce injin nan sayar da shi za a yi, ba zai zauna yana jiran a kira shi a ce Baba ya rasa hannu ba. Gaskiya ce ya faɗa, kowa ya sani. Amma na dubi Kawu zaune da hannu a naɗe, sai na ji tausayi ya kama ni. Na san in anka fitar da injin nan daga gidan, Kawu zai zauna bisa tabarma ne ya jira ranarsa.

Na ce a ba ni wata ɗaya. Na taɓa gani a waya yadda wasu ke ɗaura wa irin wannan inji ma'auni mai nuna lamba, irin mai arha ɗin nan da ake auna kaurin abu da shi. Taubashina ya ce, "In Baba na iya aiki ba tare da ya duƙa bisa inji ba, na bar mashi. In ba haka ba, makullin ɗakin ya zo hannuna."

Wani ɗan kasuwa ya kawo mani ma'aunai biyu daga Maraɗi. Na yanke masu baki da injin yankan ƙarfe, ya rage sandar da ɗan allon lambar da ke zamewa a kanta. Ɗaya zai auna tafiyar wuƙa ta tsawo, ɗaya shigarta ciki. Ranar da na zo da na'urar huda ƙarfe, Kawu ya tare injin da jikinsa.

"Mi za ka yi da wanga?"

"Rami huɗu kawai, Kawu."

"Ko ɗaya. Ka huda wayoyin mutane, ba ka huda man inji."

Kwana biyu na yi ina lanƙwasa 'yan ƙarafa don in rataya ma'aunan a kan kusoshin da ke jikin injin tun asali. Dole sai sandar ta miƙe sak da tafiyar wuƙa, in ta karkace ko kaɗan lamba ta riƙa tsalle. Batirinsu ɗan mitsitsi ne irin na agogon hannu, zafinmu na cinye shi cikin 'yan kwanaki, sai na ja waya na haɗa su da batirin rediyo. Kawu da kansa ya yanko robar cikin tayar babur ya yi masu rumfa, don kada ɓarɓashi da mai su shiga. Daga ƙarshe na ciro gilashin ƙara girma da nake duba cikin waya da shi, na kafa a kan allon. Kawu ya tsaya a miƙe, bai duƙa ba, ya juya mariƙi a hankali.

"Sifili... ɗigo... biyu... biyar." Ya juyo wajena. "Kai, Injiniya. Agogon ga naka shina magana." Tun daga ranar sunan abin ya zama agogo.

Ranar gwaji taubashina ya zo daga Sakkwato. Anka yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, manomin albasar nan na Tozai ya iso da injin ban-ruwansa. Sandar da ke juya farfela ta cinye, ga rani ya tsaya, albasa na neman ruwa, zuwa Sakkwato kuwa kasada ce. Ya zo da guntun ƙarfe mai kyau guda ɗaya tak. Kawu ya sassaƙe shi har ya kusa, ya rage wurin da boris zai zauna, wato zoben ƙarfen da sandar ke juyawa a cikinsa. Na auna da kaina: saura milimita ɗaya a cire. Na danna sifili, na ce, "Kawu, ka yi ta ci har agogo ya nuna ɗaya."

Ya ci kaɗan, ya sake ci. Da lamba ta kai 0.50 sai ya tsai da inji. Ya shafa ƙarfen da babban yatsa, ya ɗauko tsohon ma'auninsa mai ƙafa biyu ya gwada.

"Ya isa," ya ce.

"Saura rabi, Kawu."

"Ni dai hannuna ya ce ya isa."

Ga taubashina tsaye ya harɗe hannu, ga baƙo, ga aikin da na yi wata guda ina fama da shi ana shirin ƙaryata shi. Kaina ya yi zafi. Na ce, da ƙarfi kuwa, "Haba Kawu! Kai ba ka gani, agogo na gani!"

Wallahi da ana mayar da magana ciki, da na mayar da wannan. Kawu ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "To, Injiniya." Ya tada inji, ya ci har lamba ta nuna ɗaya. Da anka zura boris, sai ya wuce zuruf yana kaɗawa. Sandar ta rame, ta lalace, kuma abin da anka kankare ba ya komawa.

Taubashina ya ce, "Baba, ka gani ko?" Kawu ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Ni na ɓata. Tsufa na." Ya ba manomin haƙuri, ya zaro makullin ɗakin daga aljihu ya miƙa wa ɗansa da kansa. Ni kuwa ban kare shi ba. Abin kunyar ma, a raina na yarda cewa shi ya ɓata, na ce wataƙila hannunsa ya zarce.

Kwana shida ina Isa abin na cina. A rana ta bakwai ina zaune a rumfa ina kallon mai rake da ke gefena yana kankare wa wani. Ɓawo siriri yake cirewa, amma juya raken yake yi, ya cire ta nan, ya cire ta can. Sai injin Kawu ya faɗo mani a rai. Ƙarfen ai juyawa yake! In wuƙa ta shiga rabin milimita, ta ci rabi ta wannan gefe, ta ci rabi ta wancan, kauri ya ragu da milimita guda cur. Agogona tafiyar wuƙa yake ƙirgawa, ba ramar ƙarfe ba. Wato daidai inda Kawu ya ce ya isa, nan ne ya isa.

Na rufe rumfa ko sallama ban yi wa maƙwabta ba, na hau babur. Na iske shi zaune bisa tabarma a ƙofar ɗakin injin, ga kwado a rufe. Inna ta ce mani a hankali kullum nan yake wuni, abinci ma sai ta yi da gaske. Na durƙusa gabansa, na faɗi abin da na gano.

Ya yi dariya har da tari. "Sai yau? Ni na ba ka kwana ukku."

"Ashe ka sani, Kawu?"

"Tun wuƙa na cikin ci. Zoben inji na da, shi ya riga ya ninka lissafi, abin da ka ƙirga shi ƙarfe ka ragewa. Naka agogo bai san da haka ba."

"To mi ya hana ka faɗi?"

"Gaban ɗana da baƙo? In ce ɗan ƙanwata da ya yi wata shina wahala saboda ni bai san abin da shika yi ba?" Ya girgiza kai. "Sanda dai ana samun wata."

Na ce ya yafe mani maganar da na gaya masa. Ya ce, "Ai ba ƙarya ka yi ba, ba ni gani. Amma ina ji." Nan na yi kuka, ni da furfura a gemu.

A gabansa na kira taubashina a waya na gaya masa komai, ban rage ba. Ya zage ni tas, kuma na cancanta. Na bi garejin garin har na samo guntun tsohon gatarin mota, sandar nan da ke juya ƙafafu, muka aika Tozai. Manomin ya zo ya rame, kwanakin nan duk da guga shi da iyalinsa ke ban-ruwa, wani gefen albasar ya riga ya ƙone. Bai zage ni ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Taubashina ya zo ya buɗe ɗaki. Kafin Kawu ya taɓa inji, ya sa na ɗauko fenti na rubuta a bango, manya-manya yadda zai gani: RABA BIYU. Wannan karon da lamba ta kai rabi ya tsaya, boris ya shiga da ɗan bugu, ya zauna daram. Taubashina ya aje makullin bisa benci ya fita waje, ina jin ba ya so mu ga idonsa.

Damina biyu Kawu ya ƙara yana aiki a tsaye, a miƙe. Har ya ƙirƙiro tasa dabara. In ya auna abin da ya rage, sai ya raba biyu, ya kai wuƙa gefe inda ba ta taɓa komai, ya tura ta daidai inda aikin zai ƙare, ya danna sifili a nan, sannan ya ja baya. Ta haka agogo ba abin da anka ci yake nuna masa ba, abin da ya saura yake nunawa. In ya kai sifili, an gama. Ya ce mani, "Tsoho ba ya son a tuna mashi abin da ya wuce, saura nawa shika tambaya."

Zazzaɓi ne na kwana huɗu ya ɗauke shi.

Bayan addu'ar bakwai, baƙi sun watse, taubashina ya ce in zo mu duba ɗakin, don dole a san yadda za a yi da injin. Muka buɗe. Ga tabaransa bisa benci, ga tsumma a rataye. A bakin injin kuwa ga sandar ƙarfe a ɗaure, an sassaƙe ta saura kaɗan, kusa da ita ga wani sabon boris da tsohuwar sandar injin markaɗe. Sai a lokacin na gane kukan matar nan. Tun kafin ya kwanta injinta ke tsaye, kuma da shi take ciyar da yaranta.

Na danna maɓallin agogo. Batirin rediyo bai mutu ba. Allon ya kawo 0.30.

Taubashina ya ce, "Kana iya ƙarasawa?"

Na ce, "Za ni gwada." Amma sai shakka ta kama ni. Ranar da ya bar aikin nan zazzaɓi ya riga ya kama shi, Inna ta ce da kyar ya kai kansa ɗaki. Ya raba biyu, ko bai raba ba? In bai raba ba na bi lambar, na sake kashe sandar wani. Na ɗauko ma'auni na auna sandar, na auna cikin boris, na sake aunawa har sau uku. Abin da ya rage 0.60 ne. Ya raba. Da zazzaɓi a jikinsa, da idon da ba ya gani, ya yi lissafinsa daidai ya aje wa wanda zai zo.

Taubashina ya ja janareta. Na yi bismilla na kama mariƙin, wurin da tafin Kawu ya goge har yana sheƙi. Na ci kaɗan, lamba ta sauka. Na sake ci. Da ta kai sifili na ja wuƙa baya, na tsai da bakin injin, na gwada boris. Ya shiga da ɗan bugu ya zauna. Na sake tada injin don in goge bakin sandar, ina yi hawaye na hana ni ganin allon, ga gilashin ƙara girma da komai.

Na kai hannu za ni kashewa ke nan, sai na ji motsi a bayana. Inna ce, cikin mayafin takaba, ta dafa ƙofar da ke ta cikin gida. Tunda nake ban taɓa ganin ta tako ɗakin nan ba. Na yi sauri na ce, "Yi haƙuri Inna, yanzu za ni kashe."

Ta ɗaga hannu. "A'a, ɗana. Bar shi tukuna. Bar shi shi ɗan ƙara."

Muka tsaya mu uku, injin na ta juyawa ba ya cin komai, har ta saki ƙofar ta koma ciki.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka masa kabarinsa fiye da hasken da ya rasa a duniya, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mani. Injin yana nan a ɗakinsa, taubashina ya ce ba mai fitar da shi. Makullin na hannun Inna, ita ke buɗe mani duk ranar da na zo.